Zazzaɓin Ƙaramin Yaro a Gida: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi Mini a Jos

Duk ranar rigakafi, tun kafin a buɗe akwatin allura, akwai tambayoyin da na san sai an yi mini su. Wasu a kan benci ake yin su, wasu kuma sai dare ya raba waya ta yi ƙara: "Sista, jikin yaron nan kamar garwashi." Su na tattaro a nan. Maganata a kan yaran da suka fara tafiya ce, 'yan shekara ɗaya zuwa uku. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa babu zancen jinyarsa a gida. Da jikinsa ya yi zafi, asibiti kawai.

Yaya zan tabbatar zazzaɓi ne, ba ɗumin jiki kawai ba?

Bayan hannu yakan faɗi gaskiya, yakan kuma yi ƙarya. Uwar da ta tsamo hannu daga ruwan wanke-wanke da asubahin Disamba a Gangare, duk yaron da ta taɓa zai yi mata zafi. Haka yaron da aka kwance daga goyo, ko aka zaro daga ƙarƙashin bargo biyu. Shi ya sa nake roƙon kowane gida ya ajiye ma'aunin zafin jiki, irin mai batir ɗin nan da ke ƙara in ya gama. Ana samunsa a kemis, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Ki goge hammatar yaro ta bushe, ki sa kan ma'aunin a tsakiya, ki manne hannunsa da jikinsa har ya yi ƙara. In ya nuna 37.5 ko sama da haka a hammata, zazzaɓi ne a lissafin da muke aiki da shi. In babu ma'auni, ƙirji ko baya za ki taɓa, ba tafin ƙafa ba, don yaro na iya ɗaukar zafi rau a ƙirji alhali ƙafafunsa sun yi sanyi ƙalau. Ki rubuta lambar da lokacin da kika auna, ko a bayan kwalin magani ne.

Ma'auni ya nuna 39. Zafin ba zai taɓa masa ƙwaƙwalwa ba?

Ba zai taɓa ba. Zazzaɓi ba shi ne ciwon ba. Jiki ne ya ɗaga zafinsa da gangan don ya takura wa ƙwayar cutar da ta shigo. Zafin da jiki ya ɗaga da kansa, ko ya kai 40, ba ya dafa ƙwaƙwalwa. Mai ɓarnar shi ne abin da ya kawo zafin, in maleriya ce mai tsanani, ko sanƙarau, ko ciwon huhu.

Na ga yaro da 39.5 yana fisgar wayar babansa wai a kunna masa wasa. Na kuma ga mai 38 kwance yaraf, an huda masa yatsa ko uhum bai ce ba. Na biyun ne ya tayar mini da hankali. Ki dubi yaron kafin ki dubi lamba: yana sha? Yana gane ki? In magani ya ratsa shi yakan tashi ya ɗan yi ɓarna? In haka ne, kina da lokacin yin abubuwan da ke ƙasa a natse. In ba haka ba ne, amsa ta gaba taki ce.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?

In ya kasa shan nono ko ruwa sam, ko duk abin da ya shiga ya dawo. In ya yi jijjiga, ko da sau ɗaya ne kuma ya farfaɗo. In barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko yana kallonki kamar bai san ki ba. In wuyansa ya sanƙare, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, lokacin sanƙarau. In tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari fat, wato jini ya yi ƙasa, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi, ko ya wuni bai yi fitsari ba. Haka in ƙuraje jajaye ko masu duhu suka fito waɗanda ba sa dusashewa in an danna su da gefen kofin gilashi. A fatarmu an fi ganinsu a tafin hannu da tafin ƙafa.

Sai numfashi, wanda iyaye suka fi mantawa da shi. Ki ɗage rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ki ƙirga tashin ƙirjinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Yaron da ya wuce shekara ɗaya, 40 ko sama da haka ya yi yawa. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, kada ki tsaya ƙirga. Yaro mai sikila shi ma kowane zazzaɓi nasa na asibiti ne, komai ƙanƙantarsa.

Maigida, nan kalmar taka ce. Sau da yawa uwa ta ga alamun tun la'asar, amma tana jiran ka dawo daga kasuwa, ko wayarka ba ta shiga. Ka ba ta izini tun yaro yana lafiya, ka bar ɗan abin mota a wurin da ta sani. Keke yakan yi wuya in dare ya yi a garin nan, Lamingo kuma, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) yake, ba kusa ba ne ga mai zaune a Rikkos ko Unguwar Rogo. Ku san tun yanzu wane maƙwabci ne mai mota, kuma ina za ku nufa, JUTH ko asibitin ƙwararru na jiha ko asibitin Jankwano.

Farasitamol nawa zan ba shi, kuma sau nawa?

Da nauyi ake aunawa, ba da shekaru ba: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo. Ruwan farasitamol na yara da aka fi sayarwa yana da miligiram 120 ko 125 a kowane 5ml. Ke nan yaro mai kilo 10 zai sha 5ml zuwa 6ml, mai kilo 12 zai iya kaiwa 7ml. Tsakanin sha da sha a bar awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce sau huɗu a dare da rana. Ki lura da na jarirai da ake ɗigawa a baki: ya fi na kwalba ƙarfi nesa, miligiram 100 ne a 1ml kacal, don haka ba a auna shi da murfin wancan.

Cokalin gida ba ma'auni ba ne; na gidan Inna daban, na gidanki daban. Ki yi amfani da murfin da ya zo da kwalbar, ko sirinji marar allura, ki zuba a gefen kunci kaɗan-kaɗan. Ki karanta jikin maganin mura ko na tari in kina ba shi, don da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai ki ninka ba ki sani ba, hanta kuma ita ke ɗaukar nauyin.

Abin da nake so a riƙe: farasitamol na sauƙaƙa wa yaro ne ya samu ya sha ya yi barci. Ba ya kashe ƙwayar maleriya. Yaro mai wasa da ɗan zafi ba dole sai ya sha ba, mai barci lafiya kuma ba a tashinsa don magani. Haɗarin shi ne a kwana uku ana ɗura shi, zafi na sauka yana dawowa, ana cewa "da sauƙi", alhali a ciki jini ke ƙarewa. Ki duba amsar maleriya a ƙasa.

Ibuprofen fa? Ko in ɓalla masa rabin ƙwayar babansa?

Ibuprofen na yara yana aiki, miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, bayan awa 6 zuwa 8, da ɗan abu a ciki. Amma ba a ba yaron da ke amai da gudawa ko ba ya shan ruwa, saboda ƙoda, ba a kuma ba mai ƙarambau. Mai asma sai an tambaya. Ki zaɓi ɗaya tsakaninsa da farasitamol. Haɗa su da kanki rikita lissafi yake. Asfirin kuwa haramun ne ga yara a zazzaɓi, yana iya jawo wani ciwo mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin manya na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, waɗanda ko mai kemis ɗin bai san duk abin da ke cikinsu ba, kada su kusanci bakin yaro.

Haƙori yake fitarwa. Ba shi ne ya kawo zazzaɓin ba?

Haƙori ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba. Yana sa dalala, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima, wataƙila da ɗan ɗumi. Zafin da ya kai 38 kuwa, ko gudawa mai yawa, a nemo dalilinsa a wani wuri. Shekarun fitar haƙori su ne shekarun da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, garkuwar da ya samo daga uwa kuma ta ja baya, shi ya sa abubuwan ke haɗuwa.

Maganin haƙori na kwalba kuma ina tsoronsa, da dalili. A 2008 wani mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan, saboda an haɗa shi da sinadarin diethylene glycol mai lalata ƙoda. Mu a Jos mun riga kowa sanin wannan guba: a 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan an ba su ruwan farasitamol da aka haɗa da shi. Tsofaffin ma'aikata har yau in suka ba da labarin sai murya ta canja. Don haka ki sayi maganin ruwa a rufe cikin kwalbarsa, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ba wanda aka tsiyayo daga jarka ba. In yaro ya daina fitsari bayan ya sha wani magani, ki ɗauko shi da kwalbar tare.

Garin nan da sanyi. In rufe shi ya yi gumi, ko in tuɓe shi?

Ba ko ɗaya. Riga ɗaya mara nauyi da zani ya isa. In yana rawar ɗari ki ɗan lulluɓe shi, in ta lafa ya fara gumi ki yaye. Abin da nake gani da hunturu shi ne yaro cikin singileti, da riga, da suwaita biyu, da hular ulu, da safa, ga tawul a sama, sannan a ce zafi ya ƙi sauka. Ta ina zai fita?

Goge jiki da tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi babu laifi in yana jin daɗinsa, amma ba ya maganin komai. In yana ihu ki bari. Ruwan sanyi na rijiya ko na firji kuwa rawar ɗari yake ƙara masa. Kada a shafa masa sifirit ko kananzir, kada a cusa masa man zafi a hanci. Sai kaskon gawayi: kada a kwana da shi a ɗaki a rufe, ko don mai lafiya ne. Hayaƙinsa da ba a gani ba a jin warinsa yana kisa cikin barci.

Ya ƙi abinci. In ɗura masa?

Kada ki yi ɗura. Toshe hancin yaro a zuba masa koko yana iya kai shi huhu, sai a samu ciwo biyu. Rashin cin abinci na kwana ɗaya ko biyu ba ya kashe yaro, rashin ruwa ne ke yi. In yana shan nono ki ba shi fiye da kullum. Ruwa, kunu mai ruwa-ruwa, romo, lemo, kankana, duk abin da zai karɓa, cokali-cokali, a kai a kai.

In da gudawa ko amai, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. Mai lita ɗaya, ledar fiya wata biyu ke nan. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Mai gudawa a ba shi zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. In ya warke, ki ƙara masa cin abinci sau ɗaya a kan na kullum na ɗan lokaci, ya mayar da abin da ya zube.

Ba sai in sayo maganin maleriya kawai ba? Ai duk zazzaɓi maleriya ne.

Akwai masu wannan magana, akwai kuma masu kishiyarta, wai Jos tudu ce mai sanyi, sauro ba ya zama. Duka biyun kuskure ne. Akwai maleriya a Jos, musamman da damina da bayanta, balle yaron da aka je da shi biki Shendam ko Lafiya ko Bauchi makonni biyu da suka wuce. Amma zazzaɓin yara da yawa mura ce, ko ciwon kunne, ko maƙogwaro, ko fitsari. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Gwajin yatsa ɗigon jini ɗaya ne, minti 15 zuwa 20 an gama, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa. Ki kai shi cikin awa 24 da fara zazzaɓi, ko da yana wasa.

In ya nuna akwai, maganin da aka fi bayarwa shi ne irin su Coartem: sha shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da yamma. A ba shi da nono ko madara ko abinci mai ɗan maiƙo, don haka jiki ya fi tsotse shi. In ya amayar cikin awa ɗaya a sake ba shi. A kuma ƙarasa shi tas. Yaro yakan miƙe a rana ta biyu, sai uwa ta ajiye sauran "don gaba", bayan mako biyu a dawo mana da shi ya fi da. Kulorokwin kuwa Najeriya ta daina dogaro da shi tun 2005, don ƙwayar ta daina jin sa.

In yaronki na karɓar maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana bayarwa kowane wata da damina, wannan ba ya hana a gwada shi. Ki faɗa wa ma'aikaci ranar da ya sha na ƙarshe.

An gwada babu maleriya. Taifod ke nan? Ko a yi masa allura?

Ba dole ba. Gwajin Widal da ake yi a ko'ina yana yawan nuna taifod a jikin wanda ba shi da ita, shi ya sa "maleriya da taifod" ta zama kamar sunan mutum ɗaya a bakinmu. In yaro na da majina da ɗan tari, yana sha yana wasa, galibi mura ce, kuma Ampiclox da Septrin da Flagyl ba sa taɓa ƙwayar mura. Ki bari ma'aikaci ya duba kunne, da maƙogwaro, da ƙirji, da fitsari in ya kama. Allurar da ake yi a kemis ba ta fi maganin sha ƙarfi ba ga yaron da ke iya haɗiya, kuma in aka soke ta ba daidai ba tana iya taɓa jijiyar ƙafa.

Ya fara jijjiga, idonsa ya juye. Me zan yi a wannan lokacin?

Wannan ita ce tambayar da ake yi da rawar murya. Ki kwantar da shi a ƙasa ko kan katifa, a gefensa, yadda yawu ko amai zai zubo waje. Ki kawar da abin da zai buge shi, ki sassauta rigarsa, ki dubi agogo. Shi ke nan. Kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa, kada a ba shi ruwa ko magani sai ya dawo hayyacinsa sosai. Ba zai haɗiye harshensa ba. Harshe ba ya haɗiyuwa.

Ba na manta wani yaro da aka kawo da dare a kafaɗar kawunsa. Jijjigar ta daɗe da tsayawa, yana numfashi lafiya. Amma haƙoransa biyu na gaba sun karye saboda cokalin da aka cusa, idanunsa sun kumbura sun yi jawur don an matsa masa albasa, ga manja a hanci da baki, tafin ƙafarsa ɗaya kuma ya tashi saboda an kara shi a wuta. Uwar na tsaye da cokalin a hannu, ta manta ma tana riƙe da shi. Kowa a gidan ƙauna ce ta sa shi. Zazzaɓin ya tafi cikin kwana uku, ƙunar kuwa mun yi makonni muna wanke ta.

Jijjigar zazzaɓi tana samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5, yawanci takan tsaya da kanta kafin minti biyar, kuma ba farfaɗiya ba ce. Farasitamol ba ya hana ta, don haka kada ki zargi kanki. Amma a ƙasarmu maleriya mai hawa kai da sanƙarau su ma da jijjiga suke zuwa, kuma ba a bambance su da ido a tsakar gida. Ko ta tsaya, a kai shi a ranar. In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta sake dawowa, a tafi da shi a hakan, yana kwance a gefensa.

Kakarsa ta ce a ba shi jiƙo, a kuma kira wanzami ya cire masa beli. Yaya zan yi?

Da ladabi, amma ba tare da kin sallama yaron ba. Hajiya ta raini yara kafin a haife ki, kuma ba sharri take nufi ba. Addu'a da tofi babu mai hana su, a yi su a hanyar asibiti. Jiƙo kuwa ba a san ƙarfinsa ba, hantar ɗan shekara biyu kuma ba ta babba ba ce. Cire beli da tsaga su ne nake cewa a'a kai tsaye: beli ba ya kawo zazzaɓi, yankan kuma yana jawo zubar jini ga yaron da wataƙila jininsa ya riga ya yi ƙasa, ga haɗarin tetanus da ciwon hanta daga aska. Abin da na ga yana aiki shi ne uban yaron ya yi maganar da kansa, ko ku taho da Hajiya ta ga gwajin da idonta. Da yawansu in suka ga layi biyu sun fito a gwajin maleriya, wato akwai ta, su ke fara cewa a ba shi maganin a kan lokaci.

An yi masa rigakafi jiya, yau jiki ya yi zafi.

Yakan faru, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Farasitamol da shayarwa sun isa. Ta ƙyanda, wadda ake yi a wata 9 da wata 15, nata zafin yakan zo ne bayan mako guda ko fiye. In ya wuce kwana biyu, ko kika ga ɗaya daga alamun da na lissafa a sama, kada ki ɗora wa allurar.

An duba shi, an ba mu magani. Yaushe zan koma?

Nan take, in wata alamar haɗari ta bayyana ko kika ga yana ƙara lafkewa, ko da ɗazu kuka dawo. In babu, amma zafin bai sauka ba bayan kwana biyu zuwa uku, ki koma a sake dubawa. Zazzaɓin da ya kai kwana biyar kullum yana nan, ko ya tafi ya dawo, yana bukatar likita da gwaji mai zurfi. Da rani a jihar nan har zazzaɓin Lassa akan saka a lissafi in maganin maleriya bai yi aiki ba.

In za ki taho, ki riƙo katin rigakafinsa, don nauyinsa na ƙarshe na ciki. Ki riƙo takardar da kika rubuta zafin, da duk abin da ya sha: kwalabe, da ledar mai kemis, har gorar jiƙon in an ba shi. Ki faɗi ƙarfe nawa ya sha farasitamol na ƙarshe, don kada mu ƙara masa wani a kai.